"Kai ai ba a taɓa shi": me ake yi idan an buɗe ƙoƙon kan mutum?

Shekarun baya na raka wani dattijo maƙwabcinmu, mai sayar da hatsi, zuwa wani asibitin koyarwa. Matarsa ce ba lafiya. Kusan shekara biyu ke nan da ta sauya: mace mai kazar-kazar ta koma sai zama, ba ruwanta da kowa, tuwo ya ƙone a kan wuta ba ta ji ƙauri ba. An ce iskoki ne, an yi hayaƙi, an yi tofi, an sha rubutu. Sai da idonta na dama ya fara dushewa sannan aka nufi asibitin ido, su kuma suka ce matsalar ba a ido take ba, a je a ɗauki hoton kai. Likita ya ɗaga hoton ya nuna mana wani farin curi, girmansa kamar lemon zaƙi, zaune a ƙasan goshi, daidai saman hanci ta ciki. Ya ce sai an buɗe an cire.

Dattijon ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Likita, a dai ba ta magani. Kai ai ba a taɓa shi. Wanda duk aka buɗe wa kai, ko ya tashi ba ya dawowa daidai."

Likitan ya ce, "Baba, abin da ke ciki ai ya riga ya taɓa shi."

Wannan amsa ita ce ginshiƙin dukan maganar, kuma don a gane ta sai an fara da ƙoƙon kan kansa. Jariri yana da maɗiga, ƙasusuwan kansa ba su gama haɗewa ba, shi ya sa idan ruwa ya taru masa a ciki kan yake girma. Babba ba shi da wannan rangwame. Ƙoƙon kansa tukunya ce rufaffiya da ba ta buɗuwa ko da faɗin gashi, kuma a cike take da abu uku: ƙwaƙwalwa mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, jinin da ke zagayawa a cikinta, da wani ruwa garai-garai, kimanin mililita 150, wanda take iyo a ciki. Idan baƙo na huɗu ya shigo, ko ƙari ne (wato tsiro irin curin da likitan ya nuna mana), ko gudan jini, ko mugunya, dole wani ya matsa masa. Da farko ruwan ne ke janyewa ya gangara ta laka, jinin jijiyoyi ma ya rage. Saboda wannan kawaici ne ƙari mai girma a hankali kan yi shekaru ba a san da shi ba. Ranar da wurin matsawa ya ƙare, sai matsi ya hau da sauri, ƙwaƙwalwa ta fara tura kanta ta ƙasa inda cibiyar numfashi da bugun zuciya take. Ciwon kan da ke tsananta da asuba, aman da ke zuwa ba tashin zuciya, ganin abu bibbiyu, yawan barci, duk daga wannan cunkoso suke.

To ka ga ko ƙarin da ba ciwon daji (kansa) ba ne yana iya kisa idan a cikin kai yake. Irinsa a cinya ko a gadon baya, mutum zai iya tsufa da shi.

Ƙarin ma ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne dangi suka fi ruɗewa, domin kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwan da ba su yi kama da juna ba. Na matar maƙwabcin nan sunansa meninjiyoma. Daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa yake tsirowa, ba daga ƙwaƙwalwar ba, yana danna ta ne daga waje kamar dutsen da aka ɗora a kan katifa. Shi ne ya fi yawa a cikin ƙarin da ke farowa a kai, ya fi kama mata, kuma mafi yawansa ba kansa ba ne. Yana da iyaka da ake gani, ana iya bin gefensa a raba shi da ƙwaƙwalwa, in an dace a cire shi gaba ɗaya mutum ya warke. Akwai kuma giliyoma, wanda daga naman ƙwaƙwalwar yake fitowa. Shi ba shi da gefe. Yana ratsawa ne kamar yadda manja ke bin farin yadi, ba za ka iya nuna inda ya tsaya ba. Mafi munin danginsa shi ne giliyobilastoma, mai mataki na 4 a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Sannan akwai wanda baƙo ne ya zo daga wani wuri, kamar kansar huhu ko ta mama da ta bi jini ta yada zango a kai. A ƙasashenmu kuma akwai wani mai shigar burtu: ƙwayar tarin fuka kan dunƙule a ƙwaƙwalwa ta yi kama da ƙari a hoto, alhali sau da yawa maganin tibi na watanni ne ke narkar da ita ba wuƙa ba.

Ba kowane ƙari ake buɗe wa kai ba. Ƙaramin meninjiyoma da aka gano bisa tsautsayi a kan tsohuwa, ba ya damunta da komai, sau da yawa sai a bar shi ana duba shi da hoto lokaci-lokaci. Ƙarin da ke fitowa a 'yar halittar nan da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki, ta hanci ake bi a ciro mafi yawansa, wani irinsa ma ƙwayar magani ce ke motsar da shi. Likitan da ya ce a jira ba rago ba ne.

Idan an yanke shawarar buɗewa, aikin da likitoci ke kira kiraniyotomi, ga yadda abin yake. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, akan fara ba mara lafiya wani magani mai suna dekzametazon don ya sace kumburin da ke kewaye da ƙarin. Wannan magani yana da ruɗi: wani sai ya farfaɗo ya zauna yana hira, dangi su ce ai ya warke a fasa aikin, alhali ƙarin yana nan daram, kumburin ne kawai ya lafa. A ɗakin tiyata, bayan an sa shi barci, sai a kafe kan da wani ƙarfe mai tsini uku da ke kama ƙashi, don kada ya motsa ko kaɗan. A aske inda za a yanka, sau da yawa siririn layi ne kawai ba ƙwal-kwabo ba, kuma akan ɓoye yankan a cikin gashi. Fatar kai tana da jini sosai, duk wanda ya taɓa ganin an fasa wa yaro kai da dutse ya san haka, don haka ana yanka ana maƙala mata 'yan matsai a baki. A naɗe fatar gefe, ƙashi ya bayyana.

Daga nan sai aikin ya koma kamar na kafinta. A huda ƙashin rami ɗaya ko uku ko huɗu da na'urar da ke tsayawa da kanta da zarar ta ɓula, sannan a haɗa ramukan da zarton lantarki mai 'yar ƙafa a ƙasa da ke kare abin da ke ciki. Inda babu wannan, har yau ana amfani da zarton waya, a zura shi daga rami zuwa rami a riƙa ja da hannu biyu, kuma yana aiki. A ɗaga ƙashin kamar an ɗauke faifai daga kan ƙwarya, a ajiye shi a cikin tsabta. Bakin ƙashin da ke tsattsafar da jini kuwa, da wani kaki ake toshe shi wanda asalinsa kakin zuma ne, dabarar da Victor Horsley ya yaɗa a Landan tun 1892. Ƙarƙashin ƙashin akwai tantani mai tauri kamar jemammiyar fata. Sai an yanka shi sannan a ga ƙwaƙwalwa, mai laushi kamar awarar da ba a soya ba, tana harbawa a hankali tare da bugun zuciya.

Duk wannan da mutane ke jin tsoro, hudawa da yankan ƙashi, shi ne ɓangare mafi sauƙi, kuma ba ya cin lokaci sosai a hannun gwani. Wahalar tana gaba. Likita zai jawo madubin tiyata mai ƙara girman abu, ya zauna, wani lokaci awa huɗu, wani lokaci takwas ko fiye. Babban ƙari ba a fizgo shi ɗungurungum. Ƙwaƙule cikinsa ake yi tukuna, kamar yadda ake ƙwaƙule duma, har ya saki ya faɗa ciki, sannan a riƙa janye ɓawonsa daga jikin ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan, ana ƙone ƙananan jijiyoyin da ke shayar da shi, ana kauce wa waɗanda wucewa kawai suke yi zuwa wani wuri. Tsinke jijiya guda mai kaurin zare a inda bai kamata ba na iya shanye wa mutum ɓarin jiki har abada. Idan an gama, a ɗinke tantanin yadda ruwa ba zai yoyo ba, a mayar da ƙashin mazauninsa a ɗaure shi da 'yan faranti da kusoshin ƙarfen taitaniyom, ko da waya ko zare mai ƙarfi, a ɗinke fata.

Tambayar da ke kan likita tun daga farko har ƙarshe ɗaya ce: a ina zan tsaya? A kan meninjiyoma amsar a fili take. A kan giliyoma kuwa, kowane ɗan yanki da ya ƙara cirewa na iya ƙara wa mara lafiya kwana, kuma na iya ɗauke masa magana ko hannu. Yawancin na'urorin zamani na wannan fanni don amsa tambayar nan aka ƙirƙiro su. Akwai wadda ke haɗa hoton MRI da kan mara lafiya, likita ya ɗora tsinke ta nuna masa a allo inda yake, kamar taswirar waya. Rauninta shi ne da zarar an buɗe kai ruwa ya zuba, ƙwaƙwalwar kan gusa, taswirar ta fara kuskure. Akwai wani ruwa da ake ba mara lafiya ya sha awanni kafin aiki, wanda ke sa mugun giliyoma ya yi hasken ruwan hoda a ƙarƙashin shuɗin haske.

Amma dabarar da ta fi burge ni ba ta buƙatar wata na'ura mai tsada sosai: a tashi mara lafiya daga barci a tambaye shi. Ƙwaƙwalwa, duk da ita ce ke gaya maka ƙafarka na ciwo, ita kanta ba ta jin zafin yanka. Fata da tantanin ne ke ji, su kuma ana kashe su da allura. Idan ƙari yana kusa da cibiyar magana, wadda take ɓangaren hagu ga fiye da tara cikin goma na masu amfani da hannun dama, sai a farkar da mutum kansa a buɗe, labule ya raba fuskarsa da inda ake aiki. Wani ya zauna gabansa yana nuna masa hotuna: wannan mene ne? Akuya. Wannan fa? Buta. Likita kuma yana taɓa saman ƙwaƙwalwa da 'yar wutar lantarki marar ƙarfi, wuri bayan wuri. Inda ya taɓa mutum ya kasa furta "buta" alhali yana kallonta ya kuma san ta, sai a ɗora 'yar takarda mai lamba a wurin: nan haramun ne. Wilder Penfield ne ya shahara da wannan a cibiyar da ya kafa a Mantariyal ta Kanada a 1934, yana yi wa masu farfaɗiya aiki, kuma daga nan ya zana taswirar inda hannu da baki da ƙafa suke a saman ƙwaƙwalwa. A farkon 2020, a asibitin King's College da ke Landan, an cire wa wata mata ƙari tana goga gogenta na Turawa, don kada a taɓa inda ke sarrafa yatsunta na hagu. Ga mai jin harshe biyu ko uku kuwa, kamar yawancin mutanenmu, akan gwada kowane harshe daban, domin ba lallai su zauna a wuri guda cif ba.

Tsoron da dattijon nan ya zo da shi yana da asali, ba zan raina shi ba. An daɗe ana huda kan mutane, an tono ƙoƙunan kai masu ramuka na dubban shekaru a Turai da Peru, wasu bakin ramin ya warke, alamar mai shi ya rayu. Amma shiga cikin ƙwaƙwalwa a nemi ƙari sabon abu ne. William Macewen ya cire wa wata yarinya ƙari a Gilasgo a 1879 ta tashi. A 1884 Rickman Godlee ya cire wani daga cikin naman ƙwaƙwalwa a Landan, ya gano inda yake daga alamomin ciwon kawai, amma ƙwayoyin cuta suka kashe mara lafiyar bayan kusan wata ɗaya. A wancan zamani mutuwa a wannan aiki ba abin mamaki ba ce. Harvey Cushing na Amurka ne ya sauya lissafin, ba da wani sihiri ba sai da haƙuri da tsabta da tsayar da jini, musamman bayan ya fara amfani da na'urar ƙone jijiya ta William Bovie a 1926. Zuwa 1931 ya yi aikin ƙari na 2,000, kuma masu mutuwa a hannunsa sun koma ƙasa da ɗaya cikin goma. Daga baya Gazi Yaşargil, ɗan Turkiyya da ya yi aiki a Zurik, ya mayar da madubin tiyata kayan yau da kullum, sannan a 1971 aka ɗauki hoton CT na farko na kan mara lafiya a Landan. A Najeriya, Latunde Odeku ne ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa na farko a asibitin koyarwa na Ibadan a 1962. Yau ana yin wannan aiki a Sakkwato da Kano da Zariya da Abuja, ko da yake likitocin fannin sun yi kaɗan ainun ga yawan jama'a.

Da za ka duba littafin ɗakin tiyata a waɗannan asibitoci, za ka tarar ba ƙari kaɗai ke sa a buɗe kai ba. Hatsarin hanya na da babban kaso. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin siriri ne kuma akwai jijiyar jini a manne da shi ta ciki. Ɗan acaɓa ya faɗi ba hular kwano, ya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo ya karkaɗe riga ya ce ba komai. Bayan awa biyu ko uku ya ce kansa na sarawa, ya yi amai, ya kwanta. 'Yan gida su ce a bar shi ya huta. Jini ne ke taruwa tsakanin ƙashi da tantani, kuma barcin nan ba hutu ba ne. Abin takaicin shi ne wannan yana cikin ayyukan da suka fi ba da sakamako mai kyau: in an buɗe da wuri aka kwashe gudan jinin aka ƙone jijiyar, saurayin kan koma gida da ƙafarsa. In an kai shi ƙwayar idonsa ɗaya ta riga ta buɗe warwar ba ta motsi da haske, to ana ƙirga mintuna ne.

Na tsofaffi daban yake. Tsoho ya bugi ƙyauren ɗaki, bugun da shi kansa ya manta. Bayan mako uku ko shida sai ya fara ruɗewa, yana jan ƙafa, yana fitsari a kwance, a ce ai tsufa ne ko shanyewar jiki. Sau da yawa tsohon jini ne kwance a saman ƙwaƙwalwa, kuma ba sai an ɗaga ƙashi ba: rami ɗaya ko biyu ake hudawa, jinin ya fito baƙi ƙirin kamar tsohon man inji, washegari tsoho ya nemi goronsa. Yaron da kunnensa ya shekara yana zubar da mugunya ma, cutar na iya cin ƙashi ta shiga ta tara ƙurji a ƙwaƙwalwa. Ana kuma buɗe kai don a maƙale jijiyar da ta yi kumburin balan-balan kafin ta fashe ko bayan ta fashe, aikin da Walter Dandy ya fara a 1937, ko da yake yanzu da yawa ta jijiyar cinya ake bi a toshe ta daga ciki. Haka nan don farfaɗiyar da ta gagari magani.

Wani lokaci kuma ƙwaƙwalwa kan kumbura har ta ƙi komawa mazauninta. Sai a rufe fata kawai, a bar ƙashin a waje don a ba ta sarari. Ƙashin a ajiye shi a firji na musamman, ko a tsaga fatar cikin mara lafiyar a ɓoye shi a nan har kumburi ya sauka, bayan makonni ko watanni a mayar. Dangi kan firgita in suka ga ɗinki a ciki alhali kai aka yi wa aiki.

Hatsarin aikin gaskiya ne, kuma likitan kirki zai lissafa shi kafin a sa hannu: zubar jini bayan an rufe, shigar ƙwayoyin cuta, yoyon ruwan ƙwaƙwalwa, farfaɗiya, raunin hannu ko ƙafa ko magana, daskarewar jini a ƙafa, har da mutuwa. Girman hatsarin ya danganta da inda abin yake, da girmansa, da halin da aka kawo mutum. Kuma cire ƙari ba shi ne ƙarshen labari ba sai sakamakon gwajin naman ya fito. In giliyobilastoma ne, tiyata ba ta warkar da shi. Babban binciken da Roger Stupp ya jagoranta, wanda aka buga a 2005, ya nuna cewa haɗa gashin ƙari (wato ƙona shi da hasken na'ura) da maganin temozolomaid bayan tiyata ya kai matsakaicin rayuwa wata 14.6, maimakon 12.1 da gashi kaɗai. A ganina iyalin da za su sayar da gona ko shanu suna da haƙƙin jin wannan ƙarara tun kafin su sayar, kamar yadda iyalin mai meninjiyoma ke da haƙƙin jin cewa nasu abin warkewa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗora wa wuƙa laifin jinkiri. Jijiyar gani da ƙari ya danne har ta mutu, cire ƙarin ba zai raya ta ba. Sai a kawo mutum ya riga ya makance, a yi aiki, ya tashi makaho, a koma unguwa a ce ka gani, an buɗe masa kai ya rasa ido. Labarin ya yaɗu, na gaba ya ƙara jinkiri. Babban mutum da bai taɓa farfaɗiya ba ya faɗi yana shure-shure karon farko, ko halinsa ya sauya haka kawai, ko ciwon kai ya zo masa da amai da dushewar gani, wannan hoton kai yake buƙata. Addu'a ba ta hana ɗaukar hoto, hoto ma bai hana addu'a ba.

Dattijon bai sa hannu a ranar ba. Ya koma gida, ya yi shawara da 'yan'uwanta, aka haɗa kuɗi, sai bayan kusan wata guda aka dawo. An shiga da ita da safe, ba a fito da ita ba sai bayan la'asar. Ta kwana biyu a sashen kulawa ta musamman, fuskarta ta kumbura har idanu suka rufe, abin da aka riga aka gaya mana zai faru amma duk da haka ya tsorata kowa. Aka cire zare bayan kwana goma. Wajen wata na biyu ne babbar 'yarta ta zo gidanmu tana dariya tana hawaye, wai Inna ta yi mata faɗa a kan wanke-wanke, faɗan da rabon da a ji shi shekara biyu. Idon dama bai dawo ba. Hancin ma haka, don a kan jijiyoyin jin ƙanshi ƙarin ya zauna. Ta koma girkinta, ɗankwali ya rufe tabon, sai dai in ta ɗora tukunya takan zaunar da jikarta kusa da murhu, ita ke gaya mata in tuwo ya fara kamawa.